Darasi: Kafin A Sayi Babur Na Hannu

Da kaka ta yi, an sayar da wake da gyaɗa, mutanen karkara da yawa sukan shigo birnin Kano neman babur. Sabo ya yi tsada, don haka sai a nemi na hannu. Kuɗin nan kuwa gumin shekara guda ne. Idan aka yi kuskure, sai wata daminar.

Dattawa har yanzu suna son Honda Roadmaster, wanda ya fito wajen 1980. Babba ne, silindarsa biyu, salansarsa biyu, kuma ba ya gajiyar da mutum a doguwar tafiya. Amma na farkonsa sun haura shekara 40 a duniya. Kayan gyaransa na asali sun yi wuya. Bajaj na Indiya da Jincheng na ƙasar Sin ba su kai shi kwarjini ba, amma kusan kowane bakanike na ƙauye ya san cikinsu. Mai hankali yakan fara zagaya masu sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ya tambayi kuɗin fistin da ringi da kuloci na irin babur ɗin da yake so. Idan ba a samu a Kano ba, ba za a samu a ƙauye ba.

Kada fenti ya ruɗi mai saye. Fenti araha ne, inji ne mai tsada. A tafi da bakanike wanda aka yarda da shi, ba wanda dillali ya kawo ba, domin dillali la'adarsa yake nema.

A je da sassafe. A taɓa injin da hannu. Idan da ɗumi, an riga an tayar da shi ke nan, wataƙila don a ɓoye cewa yana wuyar tashi. Lafiyayyen babur yana tashi da sanyinsa a bugu ɗaya ko biyu. In ya tashi, a koma baya a dubi salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce injin yana shan baƙin mai, wato ringi ya cinye. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, sau da yawa gyaran kafireta ya isa. Amma a lura, tsofaffin Vespa da wasu Suzuki da Yamaha da ake haɗa musu fetur da man inji, hayaƙi ɗabi'arsu ce, ba ciwo ba ne.

Sai a zaro ma'aunin baƙin mai a murza shi a yatsa. Idan man ya yi kauri fiye da kima, ko ana jin ɓarɓashin ƙarfe a ciki, a haƙura da wannan babur. A saurari injin ma. Ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe daga ƙasa aiki ne babba.

A durƙusa a leƙa ƙarƙashin tanki da wuyan babur, a nemi tabon walda. Babur da ya taɓa karyewa a haɗari yakan ja gefe ɗaya, kuma da kaya a hanyar burji yana iya sake karyewa. Sarƙa da taya da birki a duba su, amma waɗannan ana sauyawa, sai dai a rage kuɗinsu a ciniki.

Saura takardu, kuma nan ne aka fi shiga uku. Kowane babur yana da lamba a jikin injinsa da wata a jikin ƙarfensa. Mai saye ya karanta su da kansa, harafi bayan harafi, ya gwada da abin da ke cikin rasit da takardar lasisi. Idan an kankare lamba, ko harafi ɗaya ya saɓa, ya tashi ya bar wurin, komai arahar. Wanda aka kama da babur na sata a hannunsa, shi ne zai fara amsa tambayar 'yan sanda. Idan komai ya dace, a rubuta takardar ciniki da sunan mai sayarwa, da unguwarsa, da kuɗin, da lambobin nan biyu. Shaidu biyu su sa hannu, kuma ya fi kyau a yi a gaban mai unguwa.