Kunne Ne Alƙali: Kwatanta Ƙwayoyin Amfilifaya

Ɗalibin da ya ƙudurta harhaɗa amfilifaya da hannunsa yakan ci karo da tambaya guda: wace ƙwaya zai saya? Ƙwayar da ake nufi ita ce 'yar na'urar nan mai ƙafa 8 da masu gyaran rediyo ke kira aisi, wadda ke ɗaga raunanan sautin lantarki kafin ya isa ga sashen da ke kaɗa sifika.

Kafin mu duba ƙwaya, bari mu fara da alƙalin, wato kunne. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. A can cikinsa akwai wani sashe nannaɗaɗɗe kamar katantanwa, mai ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000. Su ne ke mayar da kaɗawa ta zama saƙon jijiya.

To, yanzu ga ƙwayoyi huɗu. Ta farko ita ce 741, wadda kamfanin Fairchild ya fitar a 1968. Nawa gare ta: rabin bolt kawai take iya hawa a kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, don haka siririn sauti mai ƙarfi yakan jirkice. LM358 tana da araha, amma takan ɓata sauti a daidai inda igiyar lantarki ke tsallakawa daga ƙasa zuwa sama. TL072 tana hawa bolt 13, kuma ba ta shan wuta sosai, shi ya sa ta dace da batir. NE5532 kuwa bolt 9 take hawa, amma ta fi su duka ƙarancin shuu, ko da yake ta fi shan wuta.

Sai dai fa zuciya takan yaudari kunne. Wanda ya san ya sayi mai tsada, yakan ji ta fi daɗi. Saboda haka malami ya shirya gwaji kamar haka. A sa mazauni mai rami 8 a allon. LM358 da TL072 da NE5532 tsarin ƙafafunsu ɗaya ne, amma na 741 dabam yake, kada a cusa ta ciki. A auna da mita domin ƙarfin sauti ya zama ɗaya. A kashe wuta, a jefa kwabo domin zaɓen ƙwaya tsakanin biyu, ba tare da mai saurare ya gani ba. A maimaita sau 10. Wanda ya dace sau 9 ya ji bambanci na haƙiƙa, domin cinta kaɗai ba ta kai wa haka sai kusan sau ɗaya cikin ɗari.

Daga ƙarshe, a rage ƙara yayin gwaji. Ƙwayar da ta ƙone ana sauya ta a kasuwa, amma ƙwayoyin gashin kunnen ɗan Adam idan sun mutu ba sa sake tohowa.