Ƙafa Ɗaya a Sakandare, Ɗaya a Jami'a

Darasinmu na wannan fitowa zai kai mu ƙasar Amurka, inda ake barin ɗalibin sakandare ya fara ɗaukar darussan jami'a tun bai kammala ba. Kada ki haɗa shi da IJMB ɗinmu, wanda sai an gama sakandare ake shiga.

Jihar Minesota ta fara nata tsarin, mai suna PSEO, a 1985. Ɗan aji 11 ko 12, wato kamar SS2 da SS3 a wurinmu, yana zuwa kwaleji, jiha ta biya kuɗin karatu har da littattafai, makin da ya ci kuma a lissafa masa a sakandare da jami'a baki ɗaya. Jihar Washinton ta biyo da nata a 1990, sai dai can littafi da kuɗin mota suna wuyan iyaye. Masu himma har sukan karɓi shaidar sakandare da difloma ta shekara biyu lokaci guda. Ga gidan talaka, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

To amma fa ga inda gizo ke saƙa. Yarinya 'yar shekara 16 za ta tsinci kanta aji ɗaya da magidanta da matan aure. Ba ƙararrawa, ba mai tuna mata aikin gida. In ta yi fashi, malami ba zai aiko a kira uwarta ba, domin wata dokar ƙasar ta 1974 ta mayar da haƙƙin duba sakamakon kwaleji hannun ɗalibi, komai ƙanƙantar shekarunsa. In kuwa ta faɗi, faɗuwar tana nan a takardunta na jami'a, za ta biyo ta ranar neman gurbi ko tallafin karatu. Kin ga ƙwaƙwalwa kaɗai ba ta fid da yaro a nan, sai ya iya riƙe lokacinsa da kansa.

Abin da nake gani ke nan kullum a Islamiyya. Yarinya ga basira, amma ba ta taɓa hadda sai uwa ta yi magana sau uku. Wallahi ba laifinta ba ne ita kaɗai, mu muka saba mata.

Ki gwada a makon nan: ki ba ta agogo, ku yanke lokacin hadda da na aikin boko tare, sannan ki kame bakinki har ranar Alhamis ki ga abin da ta yi.