Wasan Biri da Halin da Birin Yake Ciki

Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi bayanin gardawa, wato masu wasa da kura da maciji da sauran namun dawa, da matsayinsu a cikin sana'o'in nishaɗi na Bahaushe. A nan za a dubi reshe guda na wannan sana'a, wato wasan biri. Galibin nazarce-nazarcen al'ada kan mai wasan suke tsayawa: kiɗansa da kirarinsa da magungunan da yake tallatawa. Mu kuwa wanda ake ja da sarƙar za mu duba. Dalili shi ne, ɗalibin da zai je koyarwa a Tambuwal ko Dogon Daji ko Kebbe zai tarar da yaran da suka san biri ido da ido, ko a gona, ko a kasuwa, ko ɗaure a turke a gidan maƙwabta, kuma za su yi masa tambayoyin da littafin adabi bai tanadi amsarsu ba.

Ire-iren Biran da Ake Tsarewa

Kalmar biri suna ne gama-gari. Wanda aka fi gani a hannun jama'a a ƙasar Sakkwato shi ne jan biri, mai dogayen ƙafafu da jan baya da farin ciki. Ya fi zama a ƙasa bisa ga kan itace, kuma duk cikin dangin birai babu mai gudunsa, domin yakan kai kimanin kilomita 55 a sa'a guda. Sai kirka, ƙarami mai baƙar fuska, wanda ba ya nisa da ruwa da manyan itatuwa. Na uku shi ne bika, babba mai dogon baki irin na kare, wanda duk mai ziyartar Yankari ya san ƙarfin halinsa. Shi ne gardawa suka fi so saboda kwarjini, kuma shi ake gani tare da kuraye a hotunan gardawan Nijeriya da Pieter Hugo, mutumin Afirka ta Kudu, ya wallafa a shekarar 2007.

Akwai kuma "gwaggon biri", sunan da ake yaɓa wa kowane ƙaton biri ba tare da tantancewa ba. A watan Yuni na 2019 labari ya bazu cewa gwaggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan namun daji na Kano. Kafofin labarai na Turanci suka ɗauka gorila ake nufi, har sai da gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce gidan ba shi da gorila ko ɗaya. Malamin fassara yana da abin koyarwa a nan.

Daga Daji Zuwa Turke

A daji, jan biri a garke yake rayuwa: mata da 'ya'yansu, yawanci da babban namiji ɗaya mai gadi. Sukan yi tafiyar kilomitoci a yini suna cin ƙaro da fara da 'ya'yan itatuwa, idan sun zauna hutawa kuma su riƙa tsefe wa juna gashi. Wannan tsefe ba tsabta ce kawai ba. Da shi suke ƙulla zumunci, da shi suke sulhu bayan faɗa.

Babban biri ba ya horuwa, saboda haka jinjiri ake nema, uwa kuwa ba ta sakin ɗanta da rai. Sau da yawa a bakin gona abin yake faruwa, lokacin da gero ko gyaɗa suka nuna: a harbe uwar da ta zo ɓarna, a ɓamɓare ɗan daga cikinta, a kai gida ko kasuwa. Ba za a zargi manomi don ya kare amfaninsa ba, ai Bahaushe ya daɗe da cewa ko biri ya karye ya hau rumbu. Amma ya kamata a san cewa kusan duk birin da aka gani a sarƙa maraya ne.

Illar wannan maraici sananniya ce ga masana halayyar ɗan'adam, kuma ɗalibi zai ci karo da ita a darasin ilimin tarbiyya. A shekarar 1958 Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya bayyana gwajin da ya yi da jariran birai da aka raba da iyayensu. Ya ƙera musu uwa biyu ta bogi, ɗaya ta waya mai ɗauke da madara, ɗaya kuma an lulluɓe ta da tattausan ƙyalle. Jariran suka riƙa zuwa wurin ta waya su sha, su dawo su maƙale wa ta ƙyalle. Waɗanda aka raina su kaɗai kuwa suka tashi suna rungumar kansu, suna jijjiga, suna cizon jikinsu, suka kasa zama da 'yan'uwansu. Gwajin kansa akwai rashin tausayi a cikinsa, kuma an soke shi a kan haka, amma ya tabbatar da cewa ciki ba shi ne kaɗai buƙatar jinjiri ba.

Karanta Halin Biri

Biri ya yi kama da mutum, in ji masu iya magana, kuma wannan kamar ce take yaudararmu. Idan biri ya yashe haƙora, 'yan kallo sai su ce dariya yake yi, alhali a mafi yawan lokuta tsoro ne da miƙa wuya. Idan bika ya yi hamma ya nuna fiƙoƙinsa, ba barci yake ji ba, gargaɗi ne. Zura masa ido kuma neman faɗa ne a wurinsa. Birin da yake kai-da-kawo a wuri ɗaya iyakar tsawon sarƙarsa, ko yake tuge gashinsa, ba wasa yake yi ba. Alamar ƙunci ce mai tsanani.

Jinjiri yana da daɗin sha'ani, amma bayan 'yan shekaru zai balaga, fiƙoƙi su fito, ya fara cizo. A nan ne wasu suke karya masa haƙora, ko su gajarta sarƙa har ta ci masa ƙugu. Ga shi kuwa yana iya wuce shekara 20 a tsare. Sannan akwai cuta: tarin fuka yana ratsawa tsakanin mutum da biri ta kowane ɓangare, cizonsa kuma sai an kai asibiti. Ita dai ƙyandar biri da ta sake ɓulla a Bayelsa a 2017 sunan ne ya bi shi, don a jikin biran da ake tsare da su a Denmak aka fara gano ta a 1958. Masana sun fi zargin dangin ɓeraye.

Matsuguni da Doka

Inda tsarewa ta zama dole, mafi ƙarancin abin da ake buƙata shi ne abokan zama na jinsinsa, da fili mai faɗi, da inuwa da ruwa, da abin hawa, da lungun da zai ɓuya daga idon mutane. Akan warwatsa abinci a cikin ciyawa don ya yi aikin nema kamar yadda ya saba, maimakon a zuba masa ragowar tuwo a kwano. Turke ba ya cika ko ɗaya daga cikin waɗannan. Misali mai kyau a Nijeriya shi ne cibiyar Pandrillus da aka kafa a Kalaba a 1991, inda ake haɗa marayun birai su koma zaman garke.

Ta fuskar doka, Nijeriya tana cikin yarjejeniyar CITES ta 1973, tana kuma da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016. Duk da haka fataucin bai tsaya ba. A 2002 an fitar da gorila huɗu daga Ibadan zuwa Maleshiya, sai a 2007 aka mayar da su Kamaru. A Disambar 2024 ma an kama jinjirin gorila a filin jirgin saman Istambul cikin kayan da suka taso daga Nijeriya.

Koyar da Darasin

Kada malami ya shiga aji da zagin gardawa. Wataƙila ɗan mai sana'ar yana zaune a gabansa, kuma sana'ar gado ce da take ciyar da iyali. Ya fara da karin maganar da yara suka sani, kamar "biri a hannun malami yakan yi guɗa", ya tambaye su: da me aka sa shi guɗar? Daga nan su da kansu za su kawo zancen bulala da yunwa. Yana iya tuna musu hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Kada kuma a kawo biri aji da sunan kayan koyarwa. Hoto ya wadatar.

Aiki

1. Tattaro karin magana biyar da suka ambaci biri daga bakin dattawan garinku, ka bayyana halin da kowace ta jingina masa.
2. Tsara darasin minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a kan wasan biri, ka nuna tambayar da za ka buɗe da ita.