Darasin Kimiyya: Yadda Nauyi da Ruwa Ke Datse Hanyar Manyan Motoci

Ɗalibai, darasinmu na yau kan abin da ke tsayar da tirela ne tun daga ƙarƙashin tayoyinta. Mafi yawan kayan da ke zirga-zirga tsakanin Arewa da Kudu, su shanu da albasa da siminti da fetur, a kan kwalta suke tafiya. Idan hanya ta yanke, kasuwa ce ke fara ji a jika.

Mu fara da ginin hanya. Baƙar kwaltar da kuke gani siririya ce. Ƙarƙashinta akwai tsakuwa, sannan jar ƙasa da aka daddale, kuma su ne ke ɗaukar nauyi. Duk lokacin da taya ta wuce, hanyar takan ɗan lotsa ta dawo. Idan hakan ta maimaitu sau miliyoyi, sai kwalta ta gaji ta tsage.

Abu na biyu shi ne nauyi, kuma nan nake so ku natsu. Tsakanin 1958 da 1960, injiniyoyi a jihar Illinois ta Amurka sun yi ta kewaya da manyan motoci a kan hanyoyin gwaji suna auna ɓarna. Sun gano cewa idan aka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya sau 2, ɓarnar takan ninka kusan sau 16, wato 2 × 2 × 2 × 2. Ke nan, tirela ɗaya da aka yi wa lodi fiye da kima tana cin hanya fiye da dubban ƙananan motoci. Mai mota na ganin ya ci riba, amma a ganina bashi ya ɗauka da sunan duk mai bin hanyar. Shi ya sa barin sikelin awon motoci ba ya aiki yake ɓata mini rai.

Na uku, ruwa. Da zarar kwalta ta tsage, ruwan sama zai shiga ya jiƙa jar ƙasar, ƙarfinta ya ragu, taya ta danna, rami ya buɗe. Idan kwalbati ya toshe, ruwa kan zaizaye gindin hanya ko gada. A damunar 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta rufta. A 2022 ambaliya ta shafe hanyar Lokoja zuwa Abuja wajen Koton Karfe, tankoki suka maƙale, layin mai ya dawo Abuja.

Kayan gwari kuwa ba sa jira. Tumatir na ci gaba da numfashi bayan an tsinke shi, kuma zafi na ƙara masa sauri, don haka tsaikon kwana biyu a rana ya isa ya lalatar da kwanduna kafin su kai kasuwar Mile 12 a Legas.

Aikin gida: an ƙayyade wa layin tayoyi tan 10, direba ya ɗora tan 15. Ku lissafa sau nawa ɓarnarsa ta ninka.