Ga Ɗiyata, Sabuwar Malamar Asibiti

Ɗiyata, tunda Allah Ya sa kin gama makarantar ungozoma ta Malumfashi, kin dawo Tsiga za ki riƙa duba matan garinmu, zauna in faɗa miki abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Mace mai jiki kan zo da ciwon ciki ko na gwiwa, tun ba ta zauna ba an yanke mata hukunci: "Hajiya, ki rage ci." A gaban mutane kuwa, ana dariya. Wadda aka yi wa haka ba ta ƙara dawowa. Kemis za ta koma tana sayen ƙwaya, har ranar da za a kwashe ta ranga-ranga zuwa asibitin Funtuwa ko na Shika. Ki bari ta gama maganarta, ki duba ta yadda za ki duba kowa. Sikelin auna nauyi ki ja shi bayan labule, kada ki ɗaga murya da abin da ya nuna. In za ki auna jininta, nemi babban maɗauri, don ƙarami a damtse mai kauri yana nuna jini ya hau fiye da gaskiya, sai a ɗora baiwar Allah kan maganin da ba ta buƙata. In nauyin na da hannu a ciwon, faɗa mata ku biyu, ki ji abin da za ta iya.

Siririya ma tana shan nata. Da ta rame unguwa ta ɗauka: ƙanjamau ne, ko miji ba ya ciyarwa. Alhali rama kan zo daga ciwon suga, ko tarin tibi da ake maganinsa kyauta wata 6 a asibitin gwamnati, ko shayarwa ga aikin gona, ko baƙin cikin da ba ta da wanda za ta faɗa wa. Na ƙarshen nan muka fi yi wa sakaci. Tambaye ta ko tana samun barci.

Gorin nan ne ke tura 'yan mata ga magungunan ƙiba na "sha ka fashe" kafin biki. Daga ciki akwai ƙwayar deksametason, mai kumbura fuska, ta tayar da suga da hawan jini, ta raunana ƙashi. In yarinya ta amsa miki tana sha, kada ki tona ta gaban uwarta. In ta daɗe a kai, kada ta daina rana ɗaya. Haɗa ta da likita ya riƙa rage mata a hankali.