Yadda A Ke Ƙidaya Tsuntsayen Gona

Masu karatu, wataƙila za ku ce, ina wanda ya isa ya ƙidaya tsuntsaye, abin da ba ya zama wuri ɗaya? Amma akwai lokacin da tsuntsu ya kan zauna, watau sa'anda ya yi sheƙa. A kan wannan ne darasinmu na watan nan.

A ƙasar Ingila gonaki suna da shinge na itatuwa masu rai, kamar yadda mu ke dasa aguwa a kan iyaka. Cikin shingen nan ƙananan tsuntsaye su ke sheƙa, waɗansu kuwa a ƙasa cikin alkama. Wajen shekara ta 1960 aka riƙa tsintar gawar tsuntsaye a gonaki saboda maganin da a ke cuɗa iri da shi. Mutane suka ce tsuntsaye suna raguwa, amma ba mai lissafi a hannu. Domin haka a 1962 ƙungiyar masu binciken tsuntsaye ta ƙasar, BTO, ta soma ƙidaya.

Ga yadda suka yi. Kowane mai ƙidaya ya ɗauki gona guda da taswirarta. Ba a biyansa ko anini. Daga Maris zuwa Yuli ya kan zaga gonar wajen sau 10, yawanci da sassafe, yana bin shinge a hankali. Ba ya tona ciyawa neman ƙwai, gama uwar ta kan gudu ta bar sheƙa. Kunne ya ke kasawa. Namijin tsuntsu ya kan tsaya wuri ɗaya yana kuka, yana shaida wa 'yan'uwansa nan gidansa ne. Duk inda aka ji shi sai a ɗiga alama a taswira. Idan alamun ranaku dabam dabam suka taru a gefe guda, an san gida ɗaya ke nan. Idan kuwa aka ji maza biyu suna kuka lokaci guda, gida biyu ne ba shakka. Baɗi mutumin ya komo gonar nan dai, ya yi kamar bara. A ganinmu wannan shi ne mai wuyar, gama ƙidayar shekara ɗaya ba ta faɗa maka kome sai ta sami ta gwadawa.

To, me aka gano? Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke sheƙa a shingen Ingila. Idan sanyi ya matso sai ya ƙetare teku da Sahara ya sauka a ƙasashenmu na bakin hamada. Kafin ya koma ya kan yi ƙiba da ƙwari da 'ya'yan itacen asuwaki, irin na bakin Tafkin Cadi. A 1969 masu ƙidaya suka fita, suka ji shinge shiru. Cikin kowane huɗu wajen uku ba su komo ba. Da aka bi sawu, ashe ruwa ne ya gaza a wajenmu a daminar 1968. Farkon farin nan ke nan da ya tsananta a 1972 da 1973, wanda dattawanmu ba su manta ba. Tsuntsun ya sha wahalar tun duniya ba ta ji labarin mutane da shanu ba.

Ƙidayar ta nuna laifin gida kuma. An tumɓuke shinge domin manyan injuna, an yawaita feshi har ƙwarin da 'yan tsaki ke ci suka yi ƙaranci, aka koma shuka da kaka, ba a barin gona da ragowar hatsi lokacin sanyi. Daga 1970 tsuntsayen gona sun ragu fiye da rabi. Fakarar ƙasar da wata kurciya mai zuwa Afirka ta Yamma sun ragu fiye da 90 cikin 100.

An rufe wannan ƙidaya a 2000. Wadda ta gaje ta, tun 1994, zagaye biyu ne kawai a shekara, ana bin layi biyu, kowanne kilomita ɗaya, a filin da ƙuri'a ta faɗa wa, domin kada mutum ya zaɓi inda ya san tsuntsaye sun yi yawa.