Kafin Ka Sa Wa Motarka Farar Fitila

Ɗana, labari ya iske ni cewa ka ware kuɗi za ka sa wa motarka irin farar fitilar nan mai kashe ido, wadda masu kayan mota ke kira HID ko zenon, har ka yi magana da wani a Ƙofar Ruwa ta Kano zai aiko maka. Ban ga laifinka ba. Duk wanda magariba ta taɓa riska tsakanin Lambar Bakura da Talata Mafara ya san abin da ke sa direba son hango gabansa tun daga nesa: ga ramuka, ga shanu masu tsallaka titi, ga babur da ba shi da wuta gaba da baya, ga kuma rashin tsaron nan da dukanmu muke roƙon Allah Ya kawo mana ƙarshensa. Amma dakata da tura kuɗin tukuna, ka saurare ni.

Ƙwan da motarka ta zo da shi, halojin, wani siririn zaren ƙarfe ne a cikinsa, wuta ke gasa shi har ya yi haske. Na HID ba shi da zare. Ƙarafa biyu ne ke fuskantar juna cikin ɗan gilashi mai iskar zenon, wuta ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan, kamar yadda kake gani a rumfar mai walda. Shi ya sa yake zuwa da wani ɗan akwati da ake kira balas, wanda ke ɗaga wutar batir daga bolt 12 zuwa sama da 20,000 a lokacin kunnawa. Kamfanin BMW na Jamus ne ya fara sa HID a mota a 1991. Ƙwai mai wat 35 yana ba da hasken da ya kai lumen 3,000, alhali halojin H7 mai wat 55 bai wuce 1,500 ba sosai. Ka ga idan mai shago ya ce maka haskensa ninki biyu ne, bai yi ƙarya ba.

Abin da ba zai faɗa maka ba shi ne, ba ƙwai ke haska hanya ba, gidan fitila ne. Wannan kwanon mai ƙyalli da ke bayan ƙwan, an ƙera shi ne daidai da tsawon zaren halojin da wurin zamansa, domin ya tattara hasken ya kwantar da shi kan kwalta, ya kuma yanke shi kada ya kai idon mai zuwa. Wutar HID kuwa siffarta daban, inda ta fi ƙarfi ma daban. Idan ka cusa ta a kwanon da ba nata ba, sai hasken ya watse: wani sama kan itatuwa, wani gefe, mai yawa kuma ya zube nan gaban bamba. A nan yaudarar take. Kai da ke kan sitiyari za ka ga gabanka fes, ka ce kuɗi sun yi aiki. Amma idon ɗan Adam, idan kusa da shi ya yi haske ƙwarai, tsukewa yake yi, sai can nesa da kake son gani ya ƙara yi maka duhu. Ka sayi abu don ka hango nesa, ya rage maka nesan.

Sannan ga wanda ke tahowa. Inda hanyar Gusau zuwa Sakkwato take falle ɗaya, tsakaninka da tirelar da ta ɗauko siminti bai fi taku biyu ba idan kuka zo giftawa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa guda. Ka kashe wa direbanta ido na daƙiƙa biyu, ya yi tafiyar mita 44 a makance, kuma kai ne a gefensa. Direbobin manyan motoci ba su da haƙuri a nan. Zai ɗauka ful ka ba shi, ya yi maka alama ka sauke, kai kuwa dim ɗinka ke nan, ba ka da abin saukewa. Sai ya buɗe maka duk wutar da ya jera a goshin motarsa, ku haɗu ba mai ganin wani. Mai babur da ya taso daga gonakin Bakolori da matarsa a baya ba shi da abin ramawa, sai dai ya faɗa gefen titi. Wannan haƙƙi ne, ɗana, ko da ba wanda ya ga lambar motarka.

Za a nuna maka kwalaye masu lamba 6000 da 8000, har da 10000, a ce maka mai babbar lamba ya fi ƙarfi. Lambar nan ta launi ce. Wanda kamfanonin mota ke sawa wajen 4300 yake, fari mai ɗan ratsin rawaya. Duk yadda lambar ta hau, launin na komawa shuɗi, hasken kuma na raguwa. Shuɗin yana da kyau a hoto, na yarda. Amma ka tuna ƙasarmu: daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ke rufe sarari, kuma duk hasken da ya tashi sama ƙura ke maido da shi fuskar direba.

Turawan da suka ƙirƙiro abin ma ba su sake shi haka nan ba. A dokar ƙasashen Turai, fitila mai ƙarfi irin wannan sai an haɗa ta da na'urar da ke daidaita tsayinta da kanta da kuma abin wanke gilashinta, saboda datti na watsa haske. A Birtaniya, motar da aka sa wa ƙwan HID a gidan halojin ba ta cin gwajin shekara. Yanzu dubi taka motar ranar Talata, ka loda buhunan shinkafa a but, bayanta ya zauna, hancinta ya ɗaga. Ko halojin ne a wannan hali yana shiga idon mutane, balle wanda ya ninka shi.

Ina zargin ma ba ƙwan ne matsalarka ba. Motocin Beljam da ke iso mana sun sha shekaru, robar fitilarsu ta dafe ta yi rawaya saboda rana, kuma wannan kaɗai na cinye haske mai yawa. A goge ta tukuna. Ka je wurin mai riwaya ya auna wutar da ke isa ga ƙwan, don tsohuwar waya da as mai tsatsa suna rage ta a hanya, kuma halojin da wutarsa ta ragu kaɗan haskensa ke faɗuwa da yawa. Idan ya ga dama ya sa maka rile, wuta ta taho kai tsaye daga batir. Sai ka sayi sababbin ƙwai biyu na kirki, Osram ko Philips, ka kula da jabu, kada kuma ka taɓa gilashinsu da yatsa. Duka wannan ba zai kai kuɗin da ka ware ba.

Idan bayan haka zuciyarka na kan HID, to ka yi shi yadda ya kamata. Ka sayi gidan fitilar gaba ɗaya, irin mai ƙwayar gilashi a tsakiya wanda aka ƙera don shi, mai yanke haske a miƙe. Ka tsaya a wat 35 da lamba 4300. Ka sani yana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ya cika haske, kuma yawan kunnawa da kashewa na rage masa kwana, ga shi mu nan da wuta muke gaisawa a hanya, kuma a shingen jami'an tsaro dole ka rage ta. Kada ka bari yaron gareji ya taɓa wayar fitilar tana kunne. Ka kuma tambayi kanka: ranar da balas ya mutu da dare a Birnin Tudu ko Maradun, wa ke da shi? Ƙwan halojin kuwa kusan kowane mai kayan mota a tasha yana da shi, ka iya ajiye guda a mota.

Ko wanne ka zaɓa, saura saiti, kuma shi ne abin da kusan ba wanda ke yi. Ka tsayar da motar a fili mai daidai, mita 10 daga bango, ka auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ka shata wannan tsayin a bangon. Idan ka kunna dim, bakin hasken ya kamata ya tsaya kamar santimita 10 ƙasa da shatin. Akwai sukurori a bayan fitilar na ɗagawa da saukewa. Ka zo da ita gida ranar Talata bayan isha'i, katangar zaurena ta isa, ina da tef na awo. Ka taho da sukundireba da abin haskawa, don idona ba ya ganin ƙananan sukurori da dare. Ka gaida mahaifiyarka.